Kunnen Hagu na Yaya Adawiyya

Masanawa,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Musbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Amatullahi da yara, kamar yadda muke nan sai godiyar Allah. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Ka san gidan nan, waya ba ta kamawa sai a ƙofar ɗakin mahaifiyarka, maganar kuwa a kanta ce. Shi ya sa na ba Lukuman direba, tunda yana kai awaki can wajenku. Ita Yaya Adawiyya ba za ta faɗa maka ciwonta ba, kai ɗan fari da ko sunanka ba ta kamawa. Ni ƙanwarta ni aka bari da baki. Allah ya yafe mini in na ƙara ko na rage.

Tun da na baro Gwarzo na zo taya ta zaman takaba ban ga hawayenta ba. Ranar rasuwar ma mata suna ta kuka, ita tana rarraba musu tabarmi. Tarbiyyar da aka yi mana ke nan, mace ba ta nuna ta damu da miji a gaban mutane. Bayan sadakar arba'in ruwa ya dake ta tana kwashe shanya, ta yi mura mai nauyi. Murar ta tafi, kunnenta na hagu ya toshe. In na yi mata magana ta wannan ɓangaren kamar da bango nake yi. Ban damu ba da fari, kunne yakan toshe ya buɗe.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne karatunta. Ka tashi ka tarar da iyayenka suna tilawa tare kullum bayan asuba, Malam a kan buzunsa ta hagu, ita a tabarma ta dama. Da ya rasu ta daina ɗaga murya, sai dai ka ga leɓe yana motsi. To tun da kunnen ya toshe muryar ta dawo, har ta fi da. Kuma ba karatunta ba ne, Musbahu. Ni na san karatun Yaya, a gaban malami ɗaya muka riƙe allo. Mai sauri ce, marigayiya Dada kakarka ta sha ranƙwashinta a kan haka. Yanzu a hankali take ja, tana tsayawa inda Malam yake tsayawa ya ja numfashi, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya shiga sabuwar sura. Kanta a karkace hagu, kamar mai sauraron wani.

Buzun ma ta fito da shi daga inda na naɗe shi. Shekaranjiya na zo zan zauna a wurin da kofin kokona, ta riƙe mini zane ba ta ko dube ni ba, ta nuna mini dama. Na ce don ta fi ji na ne ko? Ta ce eh, don ta fi ji na ne.

Jiya da la'asar sakaliya ina tsintar wake a bakin madafa, gidan ba kowa sai mu biyu. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, kaji duk sun shige akurki. Tana karatu a ɗaki. Sai na ji ta kakare a wata aya, ta maimaita, ta yi shiru. Can na ji ta ce na'am, a hankali, irin na'am ɗin da take yi in Malam ya gyara mata. Sannan ta ɗauko ayar daidai ta wuce. Na ajiye faifan na leƙa. Ita kaɗai ce, da buzu a shimfiɗe. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman tsari a zuci, ban shiga ɗakin ba.

Ban ce wani abu ya shige ta ba, Allah ya tsare ni da faɗin abin da ban sani ba. Tana salla a kan lokaci, tana cin abinci, hankalinta ɗaya. Har ta fi walwala. Wannan walwalar ce ma take ba ni tsoro.

Na aika an tambayar mini Liman Badaruddeen ko mai takaba za ta iya fita neman magani. Ya ce da rana ba laifi in lalura ce, ta dai dawo ta kwana a ɗakinta. An ce a wani asibiti a Gwarzo akwai nas da ta karanci ciwon kunne. Yaya ta ƙi, ta ce kunnenta bai kai mata ƙara ba. Sai da na ce zan faɗa maka sannan ta yarda. Ga shi na faɗa maka duk da haka, Allah ya yafe mini wannan ma.

Ka gaishe mini da Amatullahi, ka shafa mini kan Rahama. Allah ya yi maka albarka.

Innarka,
Furera.


Masanawa,
Ranar Alhamis.

Ɗana Musbahu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali, da fatan zazzaɓin Rahama da na ji a waya ya sauka. Mu nan lafiya, ruwa yana ta sauka, gero ya fara fitar da kai.

Mun je Gwarzo mun dawo. Zan faɗa maka yadda aka yi dalla-dalla, don ina so wani ya taya ni riƙe abin da na gani.

Nas ɗin sunanta Sista Khairiyya, yarinya ce ba ta wuce sa'ar matarka ba, mai fara'a da ladabi. Labule ne kawai tsakanin bencin da muke jira da inda take duba mutane, shi ma bai rufe duka ba. Wanda yake gabanmu wani dattijo ne daga Kutama, Baba Mijinyawa, mai ban dariya. Yana zama ya ce shi lafiyarsa ƙalau, uwargidansa ce ta kawo ƙararsa, wai ba ya jin kira sai in an ce tuwo ya sauka.

Sista ta ɗauko wani ƙarfe fari mai reshe biyu, kamar 'yar ƙaramar gwafa, bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba. Ta buga shi a gwiwar hannunta, sai ya kama wani amo siriri da ba ya yankewa, zuuu, kamar sauro ɗaya a ɗakin da ba kowa. Ta ɗora gindinsa a tsakiyar goshin tsohon, ta ce ya faɗa mata a wane kunne yake jin ƙarar. Sai ga Baba Mijinyawa ya zabura yana salati, wai 'yar nan ƙarfenki ya yi ɓatan kai, ai a mataccen kunnen nake jin sa! Ta yi dariya ta ce albishirinsa, kunnen bai mutu ba. Ta yi masa bayani da ƙarfi don ya ji, mu ma muka ji. Wai ƙara hanya biyu take bi ta shiga mutum, ta ramin kunne da ta ƙashin kai. In ƙofar kunne ce ta toshe amma cikin yana da rai, ƙarar da ta biyo ƙashi a toshasshen kunnen take taruwa, tunda hayaniyar waje ba ta shiga ta dame ta. Wannan ana wankewa ko a ba da magani ya buɗe. In kuwa jijiyar ciki ce ta mutu, ƙarar sai ta gudu ta koma lafiyayyen kunne, wannan kuma sai haƙuri. Tsohon ya ce to a wanke masa kaɗan dai, kada a buɗe duka, akwai maganganun da ya huta da ji a gida. Kowa a bencin ya yi dariya. Na juya in ga ko Yaya ta yi, na tarar ta miƙa kunnenta na dama wajen labulen, fuskarta ba alamar wasa.

Da aka zo kanmu Sista ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta ce ramin ya kumbura ya tsuke, ba ta iya hango dodon kunnen. Man shanu mai ɗumi da maƙwabta suka riƙa ɗiga mata ne ya jawo, ni ma na taya, ban sani ba. Ta ce to sai dai ƙarfen ya taimaka.

Ta fara da dama. Ta buga, ta ɗora a ƙashin bayan kunne, sannan ta matso da shi bakin ramin, ta tambaya ina ya fi ƙara. Yaya ta ce a bakin ramin. Sista ta ce haka lafiyayyen kunne yake. Ta koma hagu. A ƙashin baya Yaya ta ji, a bakin ramin kuwa ta ce shiru. Sista ta dube ni ta ce wannan amsar fuska biyu gare ta. Ko dai toshewa ce, ko kuma kunnen ya mutu sarai, ɗan'uwansa na dama ne yake tsinto ƙarar ta cikin ƙashin kai, mutum ya ɗauka da hagun ya ji. Ta ce goshi ne zai raba gardama.

Ta buga ƙarfen ta ɗora a goshin Yaya. Ina tsaye a gabanta, Musbahu, ba abin da ya shiga tsakanina da fuskarta. Ina ganin ƙarfen ya taɓa ta, kanta ya karkata hagu shi kaɗai, idonta ya lumshe. Fuskarta ta yi wani irin sanyi da na sani. Haka take yi in ta ji sallamar Malam a zaure ya dawo daga tafiya, kafin ta tuna akwai mutane ta ɗaure fuska. Hannunta na hagu har ya taso daga cinya. Sai ta mayar da shi, ta ɗaga na dama ta kama kunnen dama.

Sista ta sake bugawa ta ɗora a tsakar ka, ta ce Hajiya ki natsu, ba sauri. Yaya ta ce dama. Ta ɗora a haƙoranta na gaba. Yaya ta ce dama, 'yata, dama dai.

Yarinyar ta ajiye ƙarfen. Ta ce in haka ne amsoshin sun nuna jijiyar kunnen hagu ta tafi, ita ba ta da maganin wannan. Amma ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, tunda da mura abin ya fara, tana so mu je Kano a auna da na'ura. Yaya ta ce mai takaba ba ta zuwa Kano. Sista ta ba da maganin ɗigawa saboda kumburin, da ƙwayoyi, ta ce in an ga zazzaɓi ko ciwon kai kada a kwana ba a dawo ba.

An ce wa mace kunnenta ya mutu, amma a mota mahaifiyarka har da sayen dafaffiyar gyaɗa ta miƙo mini. Tun muna yara ban taɓa kama Yaya da ƙarya ba, ko ta wasa. Na san hukuncin mummunan zato, ina ta istigfari tun daga Gwarzo har gida. Amma idona ya ga abin da ya gani.

Kada ka ce mata komai tukuna. Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Innarka,
Furera.


Masanawa,
Ranar Lahadi.

Musbahu ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, Lukuman yana loda mota.

Jikin Yaya ya motsa. Zazzaɓi yana zuwa mata da yamma, tana ɗaure kai da ɗankwali tamau ta ce ba komai. Bayan kunnen ya kumbura ya yi ja, har ya turo kunnen gaba. Matashinta yana wani wari. Da nake gyara mata gado na ga maganin ɗigawar ko buɗe shi ba a yi ba, ƙwayoyin ma suna nan cif. Karatu kuwa sai abin da ya ƙaru. Da zazzaɓin da komai take zama gefen buzun nan har hantsi. Yanzu ko tafiya za ta yi a tsakar gida a hankali take takawa, tana ɗan tsayawa, kamar mai jiran wani ya iso ta.

Ranar kasuwar Gwarzo na ce zan leƙa gidana, na wuce wurin Sista Khairiyya ni kaɗai. Ban ce mata Yaya ta yi ƙarya ba, ba ni da shaida. Na ce a misali, da a hagu ta ji ƙarfen nan, me zai canja? Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce Mama, komai zai canja. Ta ce da haka ne kunnen yana da rai, ruwa ko mugunya ce ta taru a bayan dodon kunne ta rufe shi. Da na faɗa mata kumburin sai ta miƙe tsaye. Ta ce ƙashin da ke tsakanin wurin da ƙwaƙwalwa bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, in mugunyar ta huda shi ba maganar kunne ake yi ba kuma, maganar rai ce. Ta ce in kawo ta ko a ɗauke ne.

Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko mai toshasshen kunne yakan ji wasu abubuwa. Ta ce sosai. Yakan ji muryarsa da kansa a cikin kunnen, ta yi kauri ta yi zurfi kamar ta wani, yakan ji numfashinsa, da taunarsa, da takun ƙafarsa. Na yi mata godiya na fito. 

Da na dawo na sami Yaya bayan azahar, na zauna ta damanta na ce mata na ga hannunta ranar nan.  Sannan ta yi mini maganar da ba ta taɓa yi wa wani mahaluƙi ba, ni ma da ba don rai ba da ba zan rubuta wa ɗanta ita ba.

Ta ce ita ba jahila ba ce, ta san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma tun ranar da kunnen ya rufe, in ta buɗe baki da karatu sai ta ji Malam ya ɗauka tare da ita a hagunta, ba ya riga ta, ba ya bin bayanta. In ta kwanta tana jin numfashinsa. In ta taka ya taka. Ta ce ranar da aka ɗora mata ƙarfen nan, ƙarar ba ta yi ko shawara ba, kai tsaye ta tafi wurinsa, shi kuma ya amsa. Ta ji abin da aka faɗa wa tsohon Kutama, ta san in ta ce hagu wanke shi za a yi.

Na faɗa mata bayanin Sista, cewa muryarta ce take dawo mata. Ta ce ta ji. Ta ce to yarinyar ta faɗa miki wa ya sa muryarsa a maƙogwarona?  Ta ce duk zaman da suka yi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ce masa ta ji daɗin dawowarsa ba, ranar da aka fita da shi ma tabarmi take rabawa. Ta ce Furera, ku bar mini shi in gama takaba, in na fita ku yi yadda kuke so da kunnen.

Musbahu, takabar da saura, kumburin nan kuwa ba zai jira ta ba. Ta ce in riƙe mata amana. Ban ɗauki alkawarin ba, don na san zan karya shi. In za ka sami izini a wurin aiki ka taho. In ka zo kada ka nuna ka san komai, in ta gane ka sani kunya za ta hana ta ƙara kallon idonka.

Allah ya kawo mana mafita.

Innarka,
Furera.


Masanawa,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga ɗana abin alfaharina, Musbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Amatullahi da yara. Yaya gajiyar zirga-zirgar waya da kuka sha? Kada ka sa wa ranka damuwa don ba a ba ka izini da wuri ba, motar da ka turo ta yi mana rana. Mun dawo gida, jiki alhamdu lillahi. Abin da ya faru a Kano ka ji shi a waya. Wanda ba ka ji ba shi ne yadda aka yi ta yarda ta fita, da abin da muke ciki yanzu.

Washegarin takardar da na aiko maka ta tashi ba ta iya ɗaga kai sosai. Na yi magiya, na kawo maganar rai amana ce, ta ce ta sani. Na rasa ta inda zan ɓullo. Sai na ce mata shi ke nan, ba zan ƙara yi mata maganar kunne ba, nata ne. Amma akwai haƙƙin yarinyar nan, Sista Khairiyya, a wuyanta. Na ce Yaya, ta tambaye ki tsakani da Allah har sau nawa, kika sa ta faɗi abin da ba haka yake ba. In wani abu ya same ki za a ce ta duba ki ba ta gano ba, ita kuma za ta riƙe wannan a ranta har ta tsufa, alhali ba laifinta. Na ce Yaya, da wannan za ki je ki tarar da Malam?

Ban taɓa yi mata magana mai kaifi haka ba, har yanzu ina jin nauyinta.  Can ta ce in miƙo mata mayafi. Ta ce neman yafiya za ta je, ba magani ba, in sani.

A asibitin Gwarzo ta ƙi zama a kujera sai da ta rage tsawo a gaban yarinyar da ta haifi kamarta, ta ce 'yata ki yafe mini, na yi miki ƙarya. Sista Khairiyya ta kama ta ta zaunar, ta ce ta yafe duniya da lahira. Amma ta ce gyaran amsa sai an sake tambaya. Ta buga ƙarfen ta ɗora mata a goshi.

Yaya ta rufe ido. Sista ta jira, ta jira, za ta ɗauke, sai Yaya ta kama wuyan hannunta ta riƙe ƙarfen a wurin. Ɗakin ya yi tsit. Ni daga inda nake ina jin amon yana sirancewa, yana nisa, har na daina ji. Ita ba ta daina ba, na ga kanta yana ƙara karkata yana bin sa. A nan na ga hawayen da ban gani ba tun ranar rasuwa, suna zuba ba ta share ba. Sai da ƙarfen ya mutu sarai ta saki hannun yarinyar, ta ɗaga yatsa ta taɓa kunnen hagu.

Sista ta ce to Hajiya kin biya ni, saura haƙƙin kunnen. Yaya ba ta yi gardama ba. Ta ce dai a tambayi Liman maganar kwana a waje. Aka kira shi, ya ce ceton rai ya wuce gaban wannan, ta tafi. Likitocin Kano da suka tsaga wurin suka fitar da mugunyar sun ce saura ƙiris.

Kunnen bai buɗe lokaci ɗaya ba. Wata safiya da hantsi bayan mun dawo, yayyafi ya fara a kan kwano, ta ɗaga kai ta ce tana jin sa ta ko'ina. Na yi hamdala. Ta jawo Alƙur'ani ta fara, aya ɗaya ta yi ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Muryarta ce, siririya, mai sauri, irin ta da. Ta dubi buzun ta daɗe, sannan ta naɗe shi da hannunta ta ɗora a kan akwati. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga murya da karatu ba. Tana jin kukan awakin maƙwabta, tana jin sallama tun daga zaure, tana amsa wa kowa. Ta warke, Musbahu. Amma gidan ya yi shirun da bai yi ba ko ranar da aka kai Malam.

Shekaranjiya ina alwalar la'asar a bayan madafa, na zo shafar kunne, yatsuna suna ciki, sai salati ya zo bakina na yi shi a fili. Abin da na ji ya sa na kusa kifar da buta. Dada ce. Muryarta sak, da 'yar rawar nan da take yi a ƙarshen salati in tana damun fura. Na zare yatsun da sauri na waiga, ba kowa sai katanga da tulu. Na san bayanin, an yi mini shi da Hausa ƙarara. Duk da haka sai da na mayar da yatsun.

Na tashi ina tunanin ko in faɗa wa Yaya ko in bari. Da na zagayo na same ta a tsugune a bakin rariya, buta a gabanta, yatsunta biyu a cikin kunnuwa, ido a rufe, tana karatu ƙasa-ƙasa, a hankali, da gyaran muryar nan. Ruwan fuskarta da na hannunta duk ya bushe. Sai a lokacin na gane dalilin da alwalarta ta yi tsawo kwanakin nan.

Ka san abin da aka koya mana, in gaɓoɓi suka bushe kafin a wanke ƙafa da gangan, sai an sake alwalar daga farko. Ita ma ta sani, ta fi ni sani.  Na ɗauki tawa butar na cika ta, na ajiye a damanta yadda in ta buɗe ido za ta gani, na koma madafa. Haka nake yi yanzu kowace salla.

In ka tashi zuwa ka taho da Rahama, hayaniyarta za ta yi mana amfani. Ina gaida Amatullahi da kyau. Allah ya tsare hanya, ya yi muku albarka, ya jiƙan magabatanmu.

Taka har kullum,
Innarka Furera.